Wa Ke Karanta Saƙonka Kafin Ya Iso Gare Ka?



Makon jiya na raka gwaggona kasuwar waya. Ƙaramar wayarta mai tocila ta gaji, jikokinta kuma sun matsa mata lamba sai ta riƙe babba mai shafawa domin su riƙa kiranta suna ganin fuskarta. Muka yi ciniki, muka biya, sai mai shagon ya miƙa wayar ga wani yaro da ke zaune a gefen tebur, ya ce ya saita wa Hajiya. Yaron nan ya haɗa wayar da tasa, ya shiga zuba mata manhajoji kamar mai awon hatsi: ta karatun Alƙur'ani, ta lokutan salla, ta gyaran hoto, wata wai ta sanyaya batir, da wata ta kallon finafinai. Kowacce ya buɗe sai wani ɗan akwati ya taso a fuskar wayar da rubutun Turanci, shi kuwa babban yatsansa ya riga ya san hanya. Danna, danna, danna, ko kallon rubutun ba ya yi. Na riƙe hannunsa a kan na ƙarshen, na ce, "Samari, dakata, wannan me ya ce?" Ya ce, "Yallaɓai, ai duk haka suke tambaya. In ba ka danna ba, ba za su yi aiki ba." Na karɓa na duba. Ashe manhajar gyaran hoton ce take neman izinin aika saƙon tes da kuma duba waɗanda ke cikin wayar. Gwaggo ta zungure ni ta ce, "Kai ɗan nan, ka bar yaro ya yi aikinsa, la'asar ta kusa."

Na bar shi, amma sai da na danna mata ƙin amincewa a kan wannan guda ɗayan. Manhajar kuwa ta ci gaba da gyara hoto sumul, ba ta ce uffan ba.

To mai gyaran hoto, me ya kai shi ga wasiƙun gidanka? Wannan ita ce maganarmu ta yau, kuma ta shafi mutum biyu: kai mai riƙe da waya, da kai matashin da ke koyon ƙirƙirar manhaja a Kano ko Zariya ko Kaduna ko Maraɗi.

Ɗauko wayarka, in ba tuƙi kake yi ba, ka buɗe akwatin tes. Yaushe rabon da wani ya turo maka gaisuwa ta nan? Hira da barkwanci da katin gayyatar biki duk sun yi ƙaura zuwa WhatsApp. Abin da ya rage a akwatin tes shi ne alat na banki mai ɗauke da adadin abin da ya shigo, da abin da ya fita, da ragowar da ke cikin asusunka. Akwai lambobin nan shida da ake kira OTP, waɗanda banki ke turowa kafin ya saki kuɗi. Akwai lambar buɗe WhatsApp da ta Facebook, akwai saƙon albashi ko na fansho, akwai na hukumar jarrabawa in kana da ɗa mai neman jami'a. Wato ɗakin da a da muke zaman hira a ciki, yanzu shi ne ɗakin da ake rataye makullan gida. Mun ci gaba da kallonsa a matsayin zaure, muna barin duk wanda ya yi sallama ya shiga.

Shi saƙon tes ba don wannan nauyi aka ƙirƙire shi ba. A tsakiyar shekarun 1980 injiniyoyin Turai da ke tsara hanyar sadarwa ta GSM suka lura cewa akwai wata 'yar siririyar hanya da waya ke bi tana magana da turken sabis, ta ce ga ni nan, ta ji ko ana kiranta. Suka ga za a iya cusa ɗan gajeren rubutu ta nan. Wani Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, ya zauna da keken rubutu yana buga jimloli yana ƙirga haruffansu, ya ga akasari ba sa wuce 160, sai aka tsaya a kan wannan adadi. Saƙo na farko ya tafi ranar 3 ga Disamba, 1992 a Ingila, inda wani injiniya mai suna Neil Papworth ya tura gaisuwar Kirsimeti daga kwamfuta zuwa wayar wani jami'in kamfanin Vodafone. Mu kuwa sai a watan Agustan 2001 GSM ya iso mana Nijeriya. Abin da aka gina don gaisuwar biki, shi muka ɗora wa amanar dukiya. Ba a lulluɓe shi da wani sirri tun daga mai aikawa har zuwa mai karɓa, yadda ake yi wa saƙon WhatsApp. A shekarar 2017 a Jamus, ɓarayi sun bi ta cikin hanyar sadarwar kamfanonin waya kanta suka karkatar da lambobin da bankuna ke tura wa mutane, suka kwashe musu kuɗi, alhali wayoyin na aljihun masu su.

Amma mu bar ɓarayin nesa, mu dawo cikin wayar. Mafi yawan wayoyin da ke hannunmu, Tecno ne ko Infinix ko Samsung ko Redmi, a kan manhajar Android suke tafiya. Idan tes ya shigo wayar Android, abin da ke faruwa ya yi kama da na mai shela a ƙofar fada. Wayar takan yi shela a cikinta: ga saƙo ya zo, daga wane, ga abin da ya ce. Duk manhajar da ka ba izinin sauraro tana tsaye a dandalin tana ji, ko ka buɗe ta ko ba ka buɗe ta ba, ko kana barci. A farkon zamanin Android abin ya fi haka muni, domin manhajojin layi suke yi, kuma wadda ta yi wuf ta tsaya kusa da mai shelar tana iya jin saƙon sannan ta toshe masa baki, na baya ba su ji ba, kai ma mai wayar ba ka gani ba. Da wannan dabara miyagun manhajoji suka riƙa sa mutane cikin tsare-tsaren da ke cinye kati, su haɗiye saƙon da zai tona musu asiri. Sai a 2013, da fitowar Android 4.4, aka ce daga yau manhaja ɗaya tak ce mai ɗakin, wadda mai waya ya zaɓa ta zama akwatin saƙonsa. Ita kaɗai ke ajiyewa da gogewa, sauran sai dai su ji, ba su da ikon ɓoyewa.

A 2015 kuma, da Android 6, aka zo da ɗan akwatin nan da yaron kasuwa ke dannawa ba ya dubawa. Kafin sannan, da ka sauke manhaja shi ke nan ka ba ta duk abin da ta lissafa. Yanzu dole ta tsaya ta tambaye ka. Gyara ne mai kyau, sai dai ya ɗora nauyin a kan yatsan mutumin da aka yi wa tambayar da harshen da ba nasa ba, a lokacin da yake sauri. Kuma tambayar dunƙulalliya ce. A wajen masu ƙirƙirar manhaja, izinin jin sabon saƙo daban, izinin karanta tsofaffin da ke ajiye daban, izinin aikawa da sunanka daban. Kai kuwa a jimla ɗaya ake kawo maka su. Ka ɗauka ka ba baƙo izinin karɓar wasiƙa ɗaya a bakin ƙofa, ashe ka miƙa masa akwatin wasiƙun shekara uku har da hatiminka. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari, a nan ɗan garin yatsanka ne.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce sauƙi. Za a ce maka, muna son mu cike maka lambar OTP da kanmu, kada ka wahala da fita ka dubo ka dawo. Gaskiya ne fita ka dubo akwai wahala, musamman ga dattijo mai raunin gani da ke haddace lamba shida yana komawa, kafin ya isa ta uku ta zube. Amma wannan hujja ta daɗe da mutuwa, domin kamfanin Google ya buɗe ƙofar da ba ta buƙatar izinin komai. Ka taɓa lura da wasu haruffa da lambobi a cakuɗe a ƙarshen saƙon lambar sirri, abin da ba ya karantuwa, kamar kaza ta yi tonon ƙasa? Guda goma sha ɗaya ne, kuma tambarin manhajar da ake nufi da saƙon ne. Manhajar takan gaya wa wayar cewa ina jiran saƙo mai tambarina. Wayar ta tsaya mata gadi na minti biyar, in ya zo ta miƙa mata shi kaɗai, in bai zo ba ta ce lokaci ya ƙare. Ba ta ga alat ɗinka ba, ba ta ga saƙon matarka ba. Akwai kuma hanya ta biyu, inda wayar za ta nuna maka saƙon guda ɗaya ta tambaye ka, ka yarda wance ta karanta wannan? Ka ce e, ta karanta shi, ƙofa ta rufe. Masu iPhone kuwa tun asali ba a ba kowace manhaja damar leƙa akwatin tes, kuma tun 2018 wayar ce da kanta ke ɗago lambar ta ajiye ta a saman madannai, ka taɓa ta shige.

Saboda haka duk manhajar da ta ce maka ba za ta iya cike lamba ba sai ta karanta dukkan saƙonninka, ko dai mai ita malalaci ne, ko kuwa akwai abin da yake nema ban da lambar. A farkon 2019 Google ya fara korar irin waɗannan daga shagonsa na Play Store, ya ce izinin tes na manhajar da ke zaman akwatin saƙo ne. Ya bar 'yan ƙofofi ga wasu ayyuka, kamar manhajar da ke lissafa wa mutum shigar kuɗinsa da fitarsu daga saƙonnin banki, amma sai an cike takarda an nemi amincewa.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Dokar shago a cikin shago take aiki, mu kuwa nawa ne daga cikin manhajojinmu suka fito daga shagon? Data tsada gare ta, don haka turawa muke yi daga waya zuwa waya, ko a ba mu a katin ajiya, ko wani ya jefo wani link a zauren WhatsApp ya ce ga manhajar kallon ƙwallo kyauta, ga WhatsApp mai launin zinare da ke nuna saƙon da aka goge. Waɗannan babu mai tantance su. A Turai an ga irin wannan da wata muguwar manhaja da aka kira FluBot, wadda ta ɓulla a Sifaniya a ƙarshen 2020. Tes ne zai zo maka cewa kayan da ka yi oda sun iso, danna nan ka bibiya. Ka danna, ka sauke, ka ba da izini, shi ke nan ta kwashe lambobin mutanenka ta tura musu irin saƙon daga layinka, tana kuma tare lambobin sirrin banki. Sai a tsakiyar 2022 'yan sandan ƙasashe da dama suka haɗa ƙarfi suka rushe ta. Wasu ma ba sa neman izinin tes sam, sai su ce ka ba su damar ganin sanarwar da ke leƙowa a saman waya. Lambar OTP kuwa ta nan take fara leƙowa. An kulle ƙofa an bar taga. Android na 15 ya fara ɓoye lambar daga irin waɗannan masu leƙe, amma wayoyi nawa ne a Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari suka kai can?

Inda abin ya fi cin rai a ƙasar nan shi ne manhajojin ba da bashi. Zan yi musu adalci tukuna. Mai shayi ko mai ɗinki ba shi da takardar albashi, ba shi da fili da zai jinginar, banki ba ya ko kallonsa. Masu manhajar suka ce, to, mu alat ɗinka ne takardar shaidarka. Mu karanta saƙonnin banki na watannin baya, mu ga abin da ke shigo maka, mu ga ko wani na binka bashi, a cikin minti kaɗan mu yanke nawa za mu ba ka. A Kenya aka fara cin kasuwar wannan dabara, inda saƙonnin tura kuɗi ta waya na M-Pesa suka zama kamar littafin ajiyar kowane ɗan kasuwa. Akwai hikima a ciki, ban musa ba. Amma wanda yunwa ta kora ba ya karanta sharaɗi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shigo harkar a nan ba su tsaya kan alat ba. Sun kwashi lambobin mutane da hotuna, ranar da aka yi jinkirin biya kuma sai surukinka da limamin unguwarku da shugabanka na aiki su wayi gari da tes cewa wane ɓarawo ne, ya gudu da kuɗin kamfani. A kan Naira dubu goma an zubar da mutuncin da aka shekara arba'in ana tarawa. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending Naira miliyan 10 kan keta sirrin masu karɓar bashi. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, ta kuma wajabta musu rajista. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobin mutane da hotuna da bidiyo, a watan Yuni na shekarar kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Duk an yi, kuma an rage. Amma manhajar da aka kora daga shago da wannan suna takan dawo gobe da wani suna da wani launi, ko ta koma bin mutane ta link.

Akwai wani ɓangaren da ya kamata 'yan kasuwa su buɗe kunne. Sunan da kake gani a saman saƙo, sunan banki ko na kamfani, rubutu ne kawai da mai aikawa ya sa. Wayarka ba ta da hanyar tantance shi, abin da ta iya shi ne ta tara duk saƙonnin da suka zo da suna iri ɗaya a wuri ɗaya. Shi ya sa alat na bogi kan iya shigowa ya zauna daram a ƙarƙashin na gaskiya. Na ga wannan da idona a shagon wani mai sayar da atamfa. Wani ya zaɓi turmi huɗu, ya ce ya tura, wayar mai shago ta yi ƙara, ga suna, ga adadi. Har an fara naɗe kaya, sai ɗan mai shagon, yaro ɗan sakandare, ya ce, "Baba, ragowar da aka rubuta a ƙasa ba ta yi daidai da ta ɗazu ba." Uban ya ce, "Alhaji, ɗan zauna mu duba a manhajar banki." Alhaji ya ce bari ya ɗauko abu a mota. Har yau ana jiransa. Tes labari ne aka ba ka, kuɗi kuwa sai ka gan su a cikin asusu. Kuma in kai mai ƙirƙirar manhaja ne, ka gina wa 'yan kasuwa abin da ke karanta alat ya rubuta "an biya" da kansa, to ka sani ka gina wa ɗan damfara gada.

Tunda na juyo kanku, 'yan'uwana matasa masu wannan sana'a, bari mu ɗan jima tare, don akwai abin da darussan da kuke kallo a intanet ba za su gaya muku ba, saboda masu yin su ba da Hausa suke rubutu ba. Ambulan ɗin tes girmansa ɗaya ne, ba ya ƙaruwa. Haruffa 160 ɗin nan suna shiga ne in duk harafin da ke cikin saƙon yana cikin jerin da Turawan GSM suka tsara. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin. Da zarar ɗaya tak ya shiga, sai a sauya wa saƙon gaba ɗaya salon rubutu zuwa mai cin wuri, ambulan ɗin ya koma ɗaukar haruffa 70 kacal. Haka abin yake ga rubutun Larabci da ajami, haka ga 'yan fuskokin dariyar nan. In saƙo ya fi ƙarfin ambulan ɗaya sai a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a manna mata lamba, wanda hakan ma ke cin wuri, sai 160 ya koma 153, 70 ya koma 67. Ka rubuta saƙo mai haruffa 150 ba ƙugiya, kuɗin tes ɗaya za ka biya. Ka gyara kalma ɗaya ka sa mata ƙugiyarta, ya zama uku. Wato a wannan tsari, rubuta Hausa daidai tara ake ci a kansa. Ga wanda ke tura wa manoma dubu hamsin sanarwa, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne, kuma yana cikin abin da ya saba mana da rubuta "baki" muna nufin baƙi, mai karatu ya yi ta laluben ko na magana ake nufi ko na saukarwa.

Abin da wannan ke nufi ga manhajarka shi ne, saƙon da ya shigo ba lallai ya zo a dunƙule ba. In ka ɗauki gunduwar farko ka ɗauka ita ce duka, ka yanke wa mutum magana a tsakiya. Sannan in amsar jama'a kake karɓa, kada ka zauna jiran kalma ɗaya. Ka tambayi Bahaushe ko ya karɓi taki, ka ce ya amsa da e ko a'a. Wani zai rubuto "eh", wani "e", wani "i", wani "na'am", wani "kwarai" ba ƙugiya, wani kuma sai ya fara da sallama da tambayar iyali kafin ya zo kan magana, don a wajensa rashin ladabi ne ya jefo kalma ɗaya. Manhajar da ta watsar da waɗannan ta ce ba ta gane ba, ita ce ba ta da tarbiyya. Ba sabon fage ba ne wannan. A zaɓen 2007 masu sa ido a Nijeriya sun yi amfani da manhajar FrontlineSMS wajen tattara rahoton jama'a ta tes, a 2012 kuma, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, ta waya aka riƙa sanar da manoma rabon takinsu mai rangwame. Har gobe akwai ƙauyukan da data ba ta isa, tes kuwa yana isa, don haka aikin na nan yana jiranku.

Ku kuma tuna tes ba ya alƙawarin lokaci. Cibiyar kamfanin waya ce ke riƙe shi har sai ta samu wayar, in sabis ya yi rauni ya kwana a hanya. Kowa ya san wannan takaicin: kana tsaye gaban mai POS, lamba ba ta zo ba, ka danna a sake turowa, ka sake, ka sake, can sai guda huɗu su faɗo a tare, ba ka san wacce ce mai rai ba. Mai manhaja nagari yakan sa ɗan agogo ya hana ka sake dannawa da wuri, yakan bar maka gurbin rubuta lambar da hannu in cikewar ta ƙi, kuma ba ya cafke lambobin farko da ya gani a saƙo ya ce su ne, alhali kwanan wata ne ko adadin kuɗi. Yakan tuna cewa wayoyinmu layi biyu gare su, wani lokacin ma layin bankin yana cikin ƙaramar wayar da aka bari a gida. Yakan kuma tuna lamba ba mutum ba ce. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani, sabon mai shi ya riƙa samun alat ɗin tsohon. In kuwa dole ce ta sa ka karanta saƙo, tace shi a cikin wayar, ɗauki abin da ya shafe ka, kada ka kwashe akwatin mutum ka kai rumbunka. Abin da ba ka ajiye ba, ba za a sace shi a hannunka ba, hukuma ma ba za ta tuhume ka a kansa ba.

Sai wanda babu manhajar da za ta iya tsare ka daga gare shi. Waya za ta yi ƙara, murya mai ladabi ta ce daga banki ne, ko daga zauren tsofaffin ɗalibai, za a yi taro da yamma, an turo maka lamba shida, karanto mana mu sa ka a ciki. Lambar nan makullin WhatsApp ɗinka ce ko ta asusunka. Kana karantawa, kafin ka ajiye wayar an fara roƙon kuɗi da sunanka a wajen 'yan'uwanka. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi ka karanto masa ita. Wanda kuma tallace-tallace suka cika wa akwati har ba ya iya ganin saƙon kirki a cikinsu, hukumar sadarwa ta NCC ta tanadi lamba 2442, ka rubuta STOP ka tura, a daina turo maka.

Ni da gwaggo dai mun dawo gida lafiya, bayan magariba na zauna na bi manhajojin nan ɗaya bayan ɗaya. Uku na samu riƙe da izinin tes ba gaira ba dalili, har da ta sanyaya batir ɗin, wadda na goge ta gaba ɗaya. Aikin bai ɗauke ni minti biyar ba. Kai ma yau da dare, kafin ka kwanta, shiga saitin wayarka, nemi wajen izini, taɓa inda aka rubuta SMS, za ka ga sunayen duk masu sauraron shelar. Bar manhajar saƙonninka, sauran kuwa duk wadda ba ka san dalilinta ba, cire mata. In ka gama da taka, karɓi ta mahaifiyarka da ta mahaifinka ka duba musu, don su ba za su nemi a duba ba.